Ko'ah da Furar da Na Sha a Boda

Na ci, jama'a! Na ci jarrabawar Ibrananci. Na kuma suma a boda, wayata ta fashe, azumin da na yi alkawari ban kai shi ba. Tun da na dawo Jikwoyi ba ku bar ni na huta ba, wannan ya kira, wancan ya turo murya, "Rahila yaya Nijar, Rahila da gaske ne an kwara miki ruwa a ka?" To ga shi nan gaba ɗaya, na rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don babban yatsana ya gaji da amsa muku ɗaya-ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ɗaliba ce a wata ƙaramar makarantar tauhidi a Gwarinpa. Ina zaune da ƙanwar mamana, Anti Lami, mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse. A makarantarmu ba ka shiga shekarar ƙarshe sai ka ci jarrabawar baka ta Ibrananci, harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi. Ana ba ka kalma ɗaya wata guda kafin ranar, ka bi ta duk inda ta fito a Littafi Mai Tsarki. Ranar kuma ka zauna gaban mai jarrabawa, ka karanta wuri ɗaya da ƙarfi, ka yi bayanin kalmar da Hausa. Dama uku ake ba mutum. Na riga na ƙona biyu. Ba wai ban sani ba ne o, a rubuce ba mai kamo ni a aji. Amma da na zauna gaban tsohon nan sai bakina ya ɗauke kamar an cire min batir.

Tsohon shi ne Baba Mamman, fasto ne ɗan Maraɗi, duk shekara shi yake zuwa ya yi mana. Bana ƙafafunsa suka ƙi, ya aiko cewa mai so ya same shi gida. 'Yan ajinmu duk sun wuce, ni kaɗai na rage.

Anti ba ta ɓoye min ba. Tana ninke atamfa ta ce, "Wannan ce ta ƙarshe. In kin faɗi, ga kujera nan a shago, ki zo mu auna yadi. Ba zagi ba ne, ni ma da shi na rufa wa kaina asiri. Amma na gaji da ganin kina tashi ƙarfe huɗu kina shan gosilon Nyanya saboda abin da bakinki ya ƙi faɗa."

Kalmar da aka ba ni ita ce ko'ah. Ma'anarta ƙarfi. Da na gani na yi tsalle, na ce wannan ai bonanza ce. Na zauna na cika wayata da not: Allah ya yi duniya da ko'ah nasa, ya fitar da mutanensa daga bauta da ko'ah mai girma, wuta, tsawa, pawa. Na jera su tsaf, har da inda zan ɗaga murya.

Sai na yi kuskuren faɗa a guruf ɗinmu na addu'a cewa ina jin tsoro. Jummai, wadda take riƙe da guruf ɗin, ta turo murya: "Sista Rahila, kalmarki ƙarfi ce, ke ma ƙarfi kike nema, ba ki ga alama ba? Ki shiga dirai kwana uku ki ga yadda bakin zai buɗe." Dirai shi ne ba ci ba sha, dare da rana. Ba ta da mugun nufi, ita ma ta taɓa yi. Abin da ban lissafa ba shi ne ita a ɗaki ta yi nata, ƙarƙashin fanka. Na durƙusa na yi wa Allah alkawari: daga Lahadi ƙarfe shida na yamma zuwa Laraba ƙarfe shida. Jarrabawa Alhamis da safe. Ban gaya wa Anti ba, don na san abin da zan ji.

Talata da asuba muka tashi. Na ce "muka" don Anti ta haɗa ni da ɗan rakiya. Kun san Malam Sa'idu, mai ruwan layinmu, wanda yake tura kura da jarkoki tun ina firamare? Ashe mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, kuma ranar zai koma gida. Duk shekarun nan maganata da shi ba ta wuce "Malam, jarka biyu" ba.

Anti ta kama hannuna ta ce, "Malam Sa'idu, ga amana."

Ya ce, "Na amsa, Madam. Har ƙohwa."

Gaskiya raina bai so ba. Na sa iyafis a kunne tun daga keke. Muka kai Nyanya, muka hau bas zuwa tashar Jabi, aka cusa mu tara a motar mutum bakwai. Shi da buhunsa ɗaya da rediyo, ni da jaka cike da soyayyen nama da cincin da Anti ta ɗura min, ina jin ƙamshinsu suna min dariya.

Kun san hanyar Kaduna. Da an wuce Zuba hira takan mutu. Mai carbi ya ciro carbinsa, ni na rufe ido ina tawa, direba ya kashe waƙa. Kowa na kallon daji ta gefen ido. Allah ya raba mu da mugun gani, muka wuce lafiya. A Zariya aka tsaya cin abinci, kowa ya sauka, ni na zauna a mota ina danna waya.

Malam Sa'idu ya dawo da fiya wata biyu, ya miƙo min ɗaya.

"'Yar makaranta, ba ki ci?"

"Azumi nake, Malam."

Ya dube ni, ya dubi rana. "A hanya? Mu dai in mutum yana kan tahiya an yahe mishi, in ya isa gida ya rama. Ku ba a yahe muku?"

"Namu na sa-kai ne. Ni na ɗora wa kaina."

"To wanda ya ɗora ai shi ka iya saukewa."

Na mai da iyafis ɗina. Ya sa ledar ruwan a aljihun gaban rigarsa.

Bayan Funtuwa ina ta maimaita kalmar a hankali, don harafin ƙarshe daga maƙogwaro yake fita, ni kuma nawa kamar ina tari. Ya leƙo.

"Mi kike hwaɗi haka?"

Na gaya masa. Ya yi dariya. "Wannan ai harahinmu ne na allo. Ba tari za ki yi ba. Ki yi kamar kina hura wa madubi za ki goge shi." Ya yi, sumul, kamar a can aka haife shi. Na gwada. Ya ce a'a. Na sake. Direba ya ce, "Malam, in ta shaƙe ba ruwana fa." Mota ta kwashe da dariya. Sai a karo na wajen goma ya ɗaga min yatsa.

"To mi take nuhi?"

"Ƙarfi."

Ya ce, "Da sawu takwas nike yi kahin azahar. Bara biyar. Bana in na kai tudun nan na bayan masallaci sai na tsaya sau biyu. Ran nan kura ta komo da ni baya, jarka biyu suka hwashe. Na zauna bakin kwata na ce, Sa'idu, Mai abu ya amshi abinai, tahi gida."

Sai lokacin na gane ba ziyara zai je ba, ya sayar da kurar. Kun san abin da na ce masa? Na ce, "A'a Malam, wannan ba irin wannan ƙarfin ba ne. Wannan pawa ce daga sama." Ya ce to. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa.

Mun isa Katsina da la'asar sakaliya. Makaranta ta shirya min ɗakin baƙi a wata majami'a, shi kuma ya tafi wurin 'yan garinsu kusa da tasha. Matar mai gadin wurin ta kawo min tuwo da miyar kuka, na ce na gode na ƙoshi. Ta dubi leɓena ta tafi tana waiwaye. Harshena ya zama kamar tsohon tawul. Kaina na sarawa, in na miƙe sai ɗakin ya ɗan karkace. Na rubuta wa Jummai cewa jikina ba daɗi. Ta amsa shap-shap: "Riƙe wuta sista, saura kaɗan." Na riƙe.

Laraba muka hau motar Jibiya. Zafin can ba irin na Abuja ba ne. Namu yana sa ka gumi, nasu shanye ka yake yi. A gefenmu na boda ba wahala, aka duba fasfo da katin rigakafi aka buga hatimi. Muka shiga Nijar, a Ɗan Isa aka sauke mu duka. Jandarmomi sun sa tebur a inuwa, mu kuma muna layi a rana, ana kiran suna ɗaya-ɗaya. Abin da na lura, ba mai tsallake layi, ba mai cewa "ka san ni kuwa?" A Abuja da tuni wani oga ya fara kiran wani oga. Nan kowa ya yi tsit yana jira.

Aka kira ni. Jandarman ya yi min Faransanci, ya ga ban gane ba ya juya Hausa. "Ina za ki? Wurin wa?" Ina ganin bakinsa na motsi amma muryar kamar daga cikin rijiya. Na ɗaga waya zan nuna masa takardar gayyata. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ɗankwalina sharkaf, wasu mata biyu na min fifita da faifai. E, da gaske ne an kwara min ruwa. Abin da na fara nema wayata ce. Malam Sa'idu ya miƙo min. Sikirin ya tsage daga sama har ƙasa, baƙi ƙirin, sai wani layi kore. Na danna, na danna, ba komai. Not ɗina na wata guda duk suna ciki. Cikina ya ɗuri ruwa, shi ne ruwan farko da ya shige shi tun Lahadi.

Babban jandarman ya zo ya tsaya a kaina. Mutum ne mai sanyin magana, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

"An ce azumi kike. Ni ba ni barin mara lahiya ta shiga mota ta mutu mini a hanya. Ko ki sha ki tashi ki taka da ƙahwarki zuwa motar can, ko in sa a maida ke asibitin Jibiya. Zaɓi."

Na tambayi ƙarfe nawa. Ɗaya da kwata. Ko awa biyar ba ta rage ba.

"Oga, don Allah a bar ni nan zuwa shida. Da shida ta yi zan sha."

"Shida ba sauran mota. Kuma ke ba ki kai shida."

Direba na can yana hon, fasinjoji sun zuba min ido. In na koma Jibiya, jarrabawa ta wuce, sai kujerar Wuse. In na sha, na karya alkawarin da na yi wa Allah da bakina, kuma a tunanina duk ƙarfin da na tara kwana biyu da rabi zai zube, in je gobe gaban Baba fanko. Ko ta ina na duba na faɗi. Na so in yi kuka, hawaye suka ƙi zuwa, babu ruwan yin su.

Malam Sa'idu ya tsuguna. Ya ciro ledar fiya watan nan ta Zariya, ashe tun jiya tana aljihunsa. Ya juye a kofi, wata mata ta sa gishiri da sukari. A gefensa ga ƙwaryar fura da ya sayo.

"La haula wa la ƙuwwata illa billah," ya ce a hankali. Sai ya kira sunana, karo na farko a rayuwata. "Rahila. Ni ban san addininku ba. Amma kullum asuba in na kawo ruwa ina jin antinki tana yi wa Allah waƙa. Wanda take yi wa waƙar nan, ban ji kamar mai cewa sai ɗiya ta mutu da ƙishi sannan ya taimake ta ba. Kuma amanar da aka ba ni mai rai ce. Haka zan kai ta."

Na karɓi kofin da hannu biyu. Na sha a hankali kamar yadda matar ta ce. Aka jira kaɗan, aka ba ni furar. Jama'a, na sha fura a Wuse, na sha a Nyanya, duk wasa ne. Wannan gero ne da nono tsantsa, ba ƙanƙara ba kwalliya. Ina jin tana sauka har yatsun ƙafata. Na miƙe, na taka zuwa mota da ƙafata, jandarman ya miƙo min fasfo ya ce, "Sauka lahiya." Ni kuwa a raina cewa nake an gama da ni.

Mahaɗar ƙauyen Malam Sa'idu tana kafin Maraɗi. Direba ya rage gudu zai sauke shi, Malam ya ce a wuce. Ya kai ni har cikin gari, muka hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, muna tambaya har ƙofar Baba Mamman. Matar Baba, kowa Inna yake ce mata, ta fito. Nan na ga gaisuwa. Lahiya, gajiya, gida, rana, iyali, a koma a sake daga farko. Mu a Abuja "yaya dai" muke yi muna tafiya. Inna ta ce ya shigo ya sha shayi, ya ce a'a, yana so ya isa gida da rana. Ya saɓa buhunsa.

"Na kawo amana har ƙohwa. Gobe ki karya kumallo kahin ki shiga. Kuma madubi, kar ki manta."

Ban ma iya yi masa godiya yadda ya kamata ba. Ya tafi.

Inna ba ta yi min faɗa ba, abinci ta yi ta turowa. Dambu da zogale, sai burodinsu dogo kamar sanda, mai tauri a waje. Sai ta kawo soyayyar fara da yaji a faranti. Na dubi farar, farar ta dube ni. Na ci dai, kuma ba laifi, kamar ƙananan kifi. Wani abin mamaki, da rana tsaka garin kamar an kashe shi, shaguna a rufe, kowa ya kwanta. Na tuna Anti da ko fitsari ba ta zuwa don kar kwastoma ya wuce.

Baba ban gan shi ba, Inna ta ce ba ya ganin ɗalibi kafin jarrabawa.

Da la'asar na zauna a tsakar gida, ba waya, yatsuna sai motsi suke yi su kaɗai. Abin da ya rage min shi ne Littafin Ibranancin da na aro a makaranta. Lokacin da nake shiri na sa alamar fensir a duk inda kalmar ta fito. Inda ya yi min daɗi na sa tik, na kwafe a waya. Inda na ga ba wuta a ciki na ja masa ɗan layi na wuce. Na ce bari in bi masu tik ko zan tuna jawabina. Amma idona ya riƙa faɗawa kan waɗanda na tsallake.

Ga wani sarki ya faɗi ƙasa warwas, babu ko'ah a jikinsa, don bai ci komai ba yini da kwana. Wata mata tana roƙonsa ya ci ɗan abinci ya sami ko'ah na hanya. Na ajiye littafin na dubi bango. Na ɗauka na ci gaba. Ga mayaƙa sun yi kuka har ko'ah na kuka ya ƙare musu. Ga masu kwasar ƙasa a wurin gini, ko'ah nasu ya gaza, tarkace kuwa da yawa. Na tuna tudun bayan masallaci da jarka biyu a fashe. Ga tsoho yana roƙon Allah kar ya yashe shi in ko'ah nasa ya ƙare. Har gona ma tana da nata ko'ah, shi ne amfanin da take bayarwa. Ga kuma wani annabi da ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace ya ce ya gaji da rai. Allah bai turo masa tsawa ba. An tashe shi aka ce ya ci, ga waina ga tulun ruwa. Ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, don hanyar ta fi shi. Da ko'ah na abincin nan ya yi tafiyar.

Kar ku ɗauka daɗi na ji. Hankalina ƙara tashi ya yi. Ashe jawabin da na haddace rabin magana ne, rabin da na zubar kuma shi ne mai nauyin. Ga jarrabawa gobe, ba not, ba azumi, ba komai a hannuna.

Da safe Inna ta tsaya a kaina sai da na shanye kunu. Ƙarfe tara aka kira ni.

Baba yana zaune a kujera, ƙafafunsa a kumbure an ɗora su kan matashi. Ya rame sosai. Tebur, littafi, kofin ruwa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"A'a, mai shiru ce. Ɗiyata, kin sha hanya. An ce kin gaida ƙasar Nijar da goshi."

Na yi dariyar dole. Ya ce in zaɓi inda zan karanta. Na buɗe wurin annabin nan. Na sa yatsa a kan layi, na buɗe baki.

Shiru.

Irin na bara, irin na bara waccan. Harufan suna nan, na san su, amma murya babu. Ina jin agogon bango. Ina ganin kujerar shago da tef ɗin awo a wuyana. Akwai wani wuri cikin waɗanda na tsallake, inda aka ce haihuwa ta zo amma babu ko'ah na nishi. Shi ne ni a kujerar nan. A raina na ce, Ubangiji, ba ni da abin da zan nuna maka, na karya alkawari, nawa ya ƙare.

Baba ya turo min kofin da yatsa ɗaya. Na sha. Na ajiye. Na tuna madubi, na hura, kalmar farko ta fito. Ta biyu ta biyo ta. A haka har na kai ƙarshe.

"To, mi ne ne ko'ah?"

Na ce, "Baba, na zo da jawabi a waya, ya mutu a boda. Abin da ya rage zan faɗa. Ko'ah shi ne abin da ke cikin mutum da zai iya yin abin da ke gabansa. Tura kura, haihuwa, tafiya, ko kuka ma. Na mutum yana da iyaka, yunwa na cinye shi, tsufa na cinye shi. Na Allah ne kaɗai ba ya raguwa, da shi ya yi duniya, shi ba ya gajiya. Kuma ba ya riƙe shi, yana ba wanda ya gaji. Shi ya sa aka gargaɗi mutane, in sun ci sun ƙoshi kar su ce ko'ah nasu ne ya kawo musu. Ba tara shi ake yi ba, karɓa ake yi. Wani lokaci kuma ta hannun mutum yake zuwa, a ƙwarya."

"Mi ya raba shi da gebura?" Ita ma wata kalmar Ibrananci ce ta ƙarfi.

"Gebura ta jarumi ce, wanda ya yi rinjaye. Ko'ah ko gona tana da nata."

Ya gyaɗa kai. Sai ya jefo wadda ban zata ba. "Ashe ke nan azumi banza ne?"

Na ce, "A'a Baba. Annabin ma bayan ya ci, kwana arba'in ya yi a hanya bai sake ci ba. Azumi ba laifi. Ni ce na mai da shi caja, ina so in cika kaina in zo in nuna. Ban yi don in nemi Allah ba, na yi don kar in buƙace shi yau."

Ban san daga ina wannan ta fito ba. Da na faɗa sai hawayen jiya suka zo, yanzu akwai ruwan yin su.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Alkawarin da kika karya, ki je ki gaya wa Mai shi, ba ni ba. Yana da sauƙin magana." Ya ɗauki biro. "Karatunki akwai gyara, kina haɗiye wasali kamar ana korar ki. Amma harahin maƙogwaron nan ya zauna. Wa ya koya miki?"

"Mai ruwan layinmu."

Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari, Inna ta leƙo. Ya sa hannu a takarda ya miƙo min. "Kin ci, ɗiyata. Ki gaida mai ruwa."

Ba ni da lambar Malam Sa'idu, Anti ma ba ta da ita. Da muka zo wucewa ta mahaɗar ƙauyensu na leƙa ta taga, ba kowa sai wata akuya.

Dawowa ba labari, na ci abinci a kowace tasha kamar an aiko ni. Na iso Jikwoyi Asabar da yamma. Anti tana tsakar gida. Na miƙa mata takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ce in karanta mata. Na karanta, na kuma gaya mata komai, har dirai ɗin. Na rufe ido ina jiran saukar ruwan faɗa. Ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da tuwo ta dire a gabana.

"Ci. Litinin ki koma makarantarki. Kujerar ma Maman Ladi ta shagon kusa ta ara tun Talata, ban da niyyar karɓowa."

An canja min sikirin a Wuse, not ɗin duk suna nan, na karanta na rufe. Kurar Malam Sa'idu tana hannun wani mutum yanzu, jiya na tambaye shi sunansa.

Jummai, ba ruwanki, ni na ɗora wa kaina. Amma na ga mutum huɗu a guruf sun sa hannu za su shiga dirai kafin jarrabawar mako mai zuwa, biyu daga cikinsu daga Mararraba suke zuwa kullum a cikin ranar nan. Abeg ku tura musu wannan, ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin haka. In kuma akwai mai zuwa wajen Ɗan Isa da ya san wani Sa'idu da ya yi ga-ruwa a Jikwoyi, a gaya masa amanarsa ta ci.